Buɗe Makarantu Cikin Annoba: Nazari a Kan Abin da Ya Auku a Arewacin Nijeriya a 2020



Mas'alar da zan yi bahasi a kanta yau ita ce yadda hukuma za ta tsara komawar yara makaranta alhali annoba ba ta gama janyewa daga ƙasa ba. Na zaɓi in gina maganata a kan abin da ya auku a Nijeriya, musamman jihohin Arewa, tsakanin Maris na 2020 da farkon 2021, domin abu ne da dukanmu muka gani da idanunmu, ga shi kuma ya yi nisan da za a iya dubansa da natsuwa, ba tare da firgicin da ya rufe wa mutane ido a wancan lokaci ba. Abin da nake nufin tabbatarwa shi ne, duk tsarin da bai fara da sanin hanyar da cutar ke bi daga mutum zuwa mutum ba, sa'an nan bai auna makarantar da ke ƙasa kamar yadda take ba, da yawan yaranta da ƙarancin ɗakunanta, to, ko da kyakkyawar niyya aka rubuta shi, ba zai tsare rai ba, ba kuma zai tsare karatu ba.

Yadda al'amarin ya gudana

Ranar 27 ga Fabrairu 2020 aka tabbatar da mutum na farko mai ɗauke da cutar korona a Legas, wani mutumin Italiya da ya iso daga Milan. Bayan Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana cutar a matsayin annobar da ta game duniya ranar 11 ga Maris, gwamnonin Arewa maso Yamma suka zauna a Kaduna suka yanke shawarar rufe makarantu na kwana 30 daga ranar 23 ga wata, Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya kuma ta ba da irin wannan umurni ga ƙasa baki ɗaya. Waɗannan kwanaki 30 su ne suka miƙe suka zama kusan wata 7.

Ba na cikin masu ganin laifin wanda ya rufe makaranta a watan Maris. A lokacin babu wanda ya san halin cutar, abin da likitoci suka saba gani kuwa a annobar mura shi ne yara ke kwaso ta daga aji su kai gida. Kuma duk wanda ya zauna a Kano cikin Afrilu na shekarar, ya ga yadda aka yi ta kai manyan mutane makwanci, malamai da attajirai da dattawan unguwa, har daga baya Ministan Lafiya, Dokta Osagie Ehanire, ya bayyana cewa an ƙidaya mutuwa 979 a ƙananan hukumomi 8 na birnin, rabi ko fiye da rabi kuma na da alaƙa da cutar, ba zai ce tsoron na banza ne ba. Inda maganata take shi ne abin da ya biyo baya, watau an rufe ba a faɗi sharaɗin buɗewa ba.

Ga yadda rashin sharaɗin ya bayyana. Ranar 6 ga Yuli Ƙaramin Ministan Ilmi ya sanar cewa za a fara jarrabawar WAEC ranar 4 ga Agusta. Bayan kwana biyu Ministan Ilmi, Malam Adamu Adamu, ya fito ya ce makarantun Gwamnatin Tarayya ba za su buɗe domin wannan jarrabawa ba, ko da za a yi asarar shekarar. Kafin watan ya ƙare kuma, bayan an zauna da kwamishinonin jihohi, aka dawo aka ce 'yan ajin ƙarshe su koma ranar 4 ga Agusta, a fara jarrabawar ranar 17. A galibin jihohin Arewa sauran yara ba su ga aji ba sai cikin Oktoba, lokacin da makarantun tarayya 104 suka buɗe ranar 12 ga wata, Kano ma ta buɗe nata a daidai wannan lokaci. Alhali kuwa tun ranar 1 ga Yuli aka ɗage hanin tafiya tsakanin jihohi, jiragen sama na cikin gida suka soma tashi a makon da ya biyo baya, kasuwanni suka cika suka batse, har aka yi zaɓen gwamna a Edo ranar 19 ga Satumba da dukan gangamin da ke tattare da shi. Yaron da aka hana shi zama kan benci da sa'o'insa don kada ya kamu, shi ne ke yini a Kantin Kwari ko a tashar mota yana talla cikin cunkoson manya. Maƙwabciyarmu Jamhuriyar Nijar, wadda ta rufe nata makarantun cikin Maris kamar mu, ta buɗe su ranar 1 ga Yuni, har ya zama ɗan Damagaram ya riga ɗan Kano komawa aji da fiye da wata 4. Yuganda kuwa, a ɗaya gefen, ba ta buɗe nata gaba ɗaya ba sai ranar 10 ga Janairu 2022.

Awon ɓarna biyu

Malaman usulu, tun daga Imamu Gazali har zuwa Shaɗibi, sun tattara manufofin shari'a cikin tsare abubuwa biyar, addini da rai da hankali da zuriya da dukiya, an kuma kafa ƙa'ida cewa idan ɓarna biyu suka haɗu, ya zama babu makawa sai an auka wa ɗaya, to, sai a ɗauki mafi sauƙi. Babu jayayya cewa rai yana gaba da hankali a wannan jeri. Sai dai ƙa'idar ba ta aiki sai an ɗora ɓarnar duka biyu a kan ma'auni, a nan ne kuma aka yi tuntuɓe. A lokacin hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, tana fitar da adadin waɗanda suka kamu da waɗanda suka rasu kowane dare, gari na wayewa kowa ya ji a rediyo. Amma babu ofishin da ke fitar da adadin 'yan matan da aka ɗaura wa aure saboda zaman gida ya yi tsawo, ko yaran da suka bi 'yan ci-rani ba su dawo ba, ko malaman makarantun kuɗi da aka daina biya suka koma tuƙa A-daidaita-sahu. Abin da ake ƙirgawa kullum shi ke yin nauyi a idon mai mulki, wanda ba a ƙirgawa kuwa sai a ɗauka babu shi.

Da za a ce hujja ba ta samu ba a lokacin, da an yi uzuri. Amma ta samu, kuma daga yankinmu na Afirka ta Yamma. A annobar Ebola yara kimanin miliyan 5 suka zauna a gida a Gini da Laberiya da Saliyo. Gini ta buɗe cikin Janairu 2015, Laberiya cikin Fabrairu, Saliyo kuwa sai ranar 14 ga Afrilu, bayan kusan wata 9. Da aka dawo a Saliyo, aka tarar 'yan mata fiye da 14,000 sun ɗauki ciki a tsawon zaman, gwamnati kuma, maimakon ta nemi hanyar mayar da su aji, ta hana su komawa, hanin da bai tashi ba sai cikin Maris 2020, bayan kotun ECOWAS ta yi hukunci a kansa a Disamba 2019. Ƙasar Hausa ba Saliyo ba ce, illar da za ta fito a nan ma ba lallai ta ɗauki wannan kama ba. Amma a ƙasar da tun kafin annoba UNICEF ke lissafin yara miliyan 10.5 da ba su zuwa makaranta, galibinsu a Arewa, inda uba da yawa da ƙyar aka shawo kansa ya sa 'yarsa a boko, wajibi ne mai tsari ya san cewa duk wata guda da ya ƙara a kan rufewa, akwai waɗanda ya sallama ke nan har abada.

An yi ƙoƙarin koyarwa ta rediyo da talbijin a Kano da Kaduna da wasu jihohi, kuma ya cancanci yabo, domin rediyo ita ce kafar da ta shiga kowane gida a ƙasar Hausa. Amma ɗalibin sakandare da ya iya karatu shi ke amfana da darasin rediyo. Ɗan aji ɗaya da aji biyu, wanda bai riga ya bambance baƙi da wasali ba, sai an kama hannunsa an ɗora a kan takarda. Su ne kuwa, kamar yadda ya tabbata tun tsakiyar 2020, cutar ta fi yi wa sauƙi. Denmak ta fahimci haka, ta fara mayar da ƙananan yara tun ranar 15 ga Afrilu, ta bar manya a gida. Mu kuwa muka fara da manya saboda jarrabawa, muka bar ƙananan a ƙarshen layi.

Abin da muka gada daga 2014

Ranar 20 ga Yuli 2014 Patrick Sawyer ya sauka a Legas daga Laberiya da cutar Ebola a jikinsa, Dokta Stella Adadevoh ta hana shi barin asibiti, ta kamu, ta rasu. Jimillar waɗanda suka kamu a Nijeriya 20 ne, 8 suka mutu, ranar 20 ga Oktoba kuma aka tabbatar ƙasar ta rabu da cutar. Ministan Ilmi na lokacin, Malam Ibrahim Shekarau, ya ɗage komawa makaranta zuwa 13 ga Oktoba, daga baya aka dawo da ita 22 ga Satumba, bisa sharaɗin a horar da ma'aikata biyu a kowace makaranta, a kuma tanadi na'urar auna zafin jiki da wurin wanke hannu. Wannan tadbiri ya dace da Ebola ƙwarai, domin ita ba ta wucewa sai an taɓa jini ko amai ko gumin majinyaci ko gawarsa, mai ɗauke da ita kuma ba ya sa wa wani sai zazzaɓi da sauran alamu sun bayyana a gare shi. Saboda haka wanda ya tsaya a ƙofa da na'ura ya tare mai zafin jiki, ya tare cutar.

Da korona ta zo, sai muka ɗauko wannan tanadi da ya taɓa yi mana rana, ba mu tsaya mun tambayi ko cutar ɗaya ce ba. Ita korona numfashi take bi, tana taruwa a iskar ɗakin da aka rufe kamar yadda hayaƙin icce ke taruwa a madafa marar taga, mutum kuma yana sa wa wani kwana ɗaya ko biyu kafin shi kansa ya ji ciwo, yara da yawa ma har su warke jikinsu bai yi zafi ba. Na'urar da ke ƙofa ba ta ganin irin waɗannan. Cikin Yuli 2020 masana 239 suka rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya buɗaɗɗiyar wasiƙa suna neman ta amince cewa cutar na yawo a iska, hukumar ta ɗauki lokaci kafin ta yarda ɗari bisa ɗari. Amma tun cikin Mayu ita da kanta ta ce feshin tituna da filaye ba shi da fa'ida, fesa wa mutane magani kuwa bai halatta ba ta kowane hali. Cikin Afrilu 2021 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ƙiyasta cewa haɗarin kamuwa ta taɓa wani abu da ƙwayar ta sauka a kai bai kai 1 cikin 10,000 ba.

Duk da haka feshi shi ne abin da aka fi shelantawa kafin buɗe makarantu a jihohi da dama, alhali ɗakin da ya yi wata 6 a kulle babu ƙwayar korona mai rai da ta rage a cikinsa, tun da ba ta wuce 'yan kwanaki a kan benci ko bango. Ban ce bai yi amfani ba sam, don kuɗin cizo da kunamun da suka gaje ɗakunan kwana sun ji a jikinsu. Abin da ya sa ake sonsa, a ganina, shi ne ana ganinsa da ido, ana ɗaukar hotonsa, ana kuma ba da kwangilarsa. Buɗe taga kuwa babu wanda zai kira 'yan jarida a kansa.

Wanda yake shakkar nauyin iska a wannan mas'ala, ya dubi abin da ya faru a wata sakandare a Birnin Ƙudus. Isra'ila ta buɗe makarantu gaba ɗaya ranar 17 ga Mayu 2020. Bayan kwana biyu aka shiga matsanancin zafi, aka yafe wa yara sa takunkumi na kwana 3, aka kunna na'urar sanyaya ɗaki ba ƙaƙƙautawa a azuzuwan da kowanne ke da yara 35 zuwa 38. Cikin ɗan lokaci aka sami ɗalibai 153 da ma'aikata 25 sun kamu. Makaranta ce mai ruwan famfo da sabulu da wutar lantarki. Abin da ya kayar da ita cunkoso ne a ɗakin da iskarsa ba ta fita.

Lissafin aji

Cikin Yuli 2020 Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ta fitar da takardar ƙa'idojin buɗe makarantu, kuma adalci ne a faɗi cewa masu rubuta ta ba su yi sake ba, domin sun ambaci karatu a waje, da raba yara safe da yamma, da zuwa yau a huta gobe. Sai dai ta shar'anta tazarar mita 2 tsakanin yaro da yaro, kuma a nan nake roƙon majalisi ya yi haƙuri mu yi ɗan lissafi. A ɗauki aji mai tsawon mita 8 da faɗin mita 7, a bar wa malami da allo mita 2 a gaba. Da tazarar mita 2, abin da zai ɗauka bai wuce yara 16 ba. Manufar ilmi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, amma duk wanda ya leƙa firamaren gwamnati a cikin birnin Kano ko Zariya ko Gusau ya san aji mai yara 100 ba abin mamaki ba ne. Yara 100, in za a shigar da su 16-16, sai an kasa su kashi 7. Ko an yi zama biyu a yini, kowane yaro ba zai sami fiye da rabin yini ɗaya ko biyu a mako ba. Hedimasta ya karanta wannan, ya dubi yaransa, ya san ba za ta yiwu ba. Ƙa'idar da ba ta yiwuwa kuwa illarta ta wuce ta rashin ƙa'ida, domin wanda ya saba da karya babbar doka a gaban mai duba makarantu, ba zai ji nauyin karya ƙananan da yake da ikon kiyayewa ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya mita 1 ta ce. Da wannan awo ajin nan zai ɗauki kimanin 40, yaran nan 100 su kasu uku: kashi ɗaya a ɗaki tagogi a buɗe, kashi biyu a inuwar darbejiya ko ƙarƙashin rumfar zana, ana musanyawa. Za a ce ina malaman? Amsar ita ce a shekarar 2020 ƙungiyar malaman jami'o'i tana yajin aiki tun daga 23 ga Maris har 23 ga Disamba, ɗaliban jami'a suna zaune a unguwanninsu wata 9 ba aikin fari ba na baƙi, ga masu takardar NCE da ba a ɗauka aiki ba a kowace ƙaramar hukuma. Kuɗin da aka kashe a kan abin da bai tare cutar ba, da an biya su alawus da shi an kafa rumfuna, da an tsare lafiya da karatu a lokaci guda. Malamin da ya manyanta ko mai ciwon sukari ko hawan jini, wanda shi ne haɗarin ya fi kusa da shi, shi ya fi cancanta a ba inuwa, a bar wa matasa ɗaki.

Raba yara safe da yamma yana da wata matsala da ba a gani daga Abuja, ita ce yammacin yaron Bahaushe ba nasa ba ne, na Islamiyya ne. Wanda ya sa rukuni na biyu daga azahar zuwa la'asar sakaliya ba tare da ya zauna da malaman Islamiyyun unguwa ba, ya tilasta wa uba zaɓi tsakanin karatu biyu, kowa kuma ya san wanda galibi za a zaɓa. Haka nan yanayin shekara: kaka, daga Oktoba zuwa Nuwamba, ita ce mafi dacewa da karatun waje, da damina sai rumfa mai rufi, da bazara kuwa, lokacin da zafi ke haura digiri 40, takunkumi ba ya zama a fuskar yaro, Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF ma sun ce kada a tilasta shi ga ɗan shekara 5 zuwa ƙasa. Mafi haɗari shi ne hunturu, lokacin da sanyi da ƙura ke sa a rufe kowace taga, musamman a ɗakunan kwanan makarantun kwana, inda yara ke shaƙar numfashin juna dare guda cur. Ranar 18 ga Janairu 2021 da aka tsayar wa ƙasa baki ɗaya don komawa, ta faɗo ne a tsakiyar hunturu, a tsakiyar dawowar cutar karo na biyu.

Batun ruwa ba zan tsawaita ba. Al'ummar da ke alwala sau biyar a yini ba ta bukatar a koya mata wanke hannu. Abin da take bukata ruwa ne a harabar makaranta, da sabulu, da a daina shan ruwa da moɗa ɗaya.

Almajirai

A shekara ta 18 bayan hijira annobar Amwas ta auka wa Sham. Sayyidina Umar, Allah ya yarda da shi, yana kan hanyarsa ta zuwa can, ya tsaya a Sarg ya yi shawara da sahabbai, har Abdurrahman bin Auf ya zo da hadisin da ya hana shiga ƙasar da annoba ta sauka, ya kuma hana wanda ke cikinta fita don gudu, sai halifa ya juya Madina. Abu Ubaida da Mu'azu bin Jabal suka rasu a cikinta. Da jagoranci ya koma hannun Amru bin Asi, ya umurci mutane su warwatsu cikin duwatsu, masu tarihi kuma suka ruwaito cewa daga nan ta lafa. Asali biyu ke nan da kowane ɗalibin zaure ya sani: kada a kwashi mutane daga ƙasa zuwa ƙasa, kuma a rarraba taro a sarari. Na biyun mun yi sakaci da shi a azuzuwa, kamar yadda na bayyana. Na farkon kuwa karya shi muka yi da rana tsaka.

Cikin Afrilu 2020 gwamnonin Arewa suka amince kowace jiha ta mayar da almajirai jihohinsu na asali, aka yi ta loda yara a motoci daga Kano, wadda a lokacin ita ce cibiyar cutar a Arewa, ana sauke su a Kaduna da Jigawa da Bauci da sauran wurare. A Kaduna kaɗai, cikin 169 da aka gwada, 65 na ɗauke da ita. Ba ina kare bara ba ne, gyaran tsangaya kuma mas'ala ce mai zaman kanta da ta cancanci taro nata. Amma tsakiyar annoba ba lokacin wannan gyara ba ne. Abin lura ma shi ne, ta fuskar iska, makarantar allo ta fi ajin boko aminci, tun da karatunta a ƙofar gida ne ko gindin bishiya; haɗarinta yana wurin kwana, inda yara ke cunkushe a zaure ɗaya, da wurin neman abinci gida-gida. Da an kai wa alaramma hatsi don yaran su zauna wuri ɗaya, an ƙara musu wurin kwana, an haɗa shi da ma'aikacin lafiyar unguwa, da ba a kai cutar ƙauyukan da ba su san ta ba. Tsarin buɗe makarantu da ya tsallake tsangaya da Islamiyya ya tsallake wuraren da miliyoyin yaranmu ke taruwa kowace rana.

Wa ke da ikon rufewa da buɗewa

Gwamnatin Tarayya, in an cire manyan makarantu, 'yan makarantun sakandarenta kaɗai take riƙe da su kai tsaye. Firamare tana hannun hukumomin ilmin bai-ɗaya na jihohi da na ƙananan hukumomi. Bai dace ba ke nan rana ɗaya ta hukunta Legas, inda cutar ta fi yawa, da ƙauyen da ke bakin iyakar Yobe. Abin da ya kamata a rubuta tun ranar rufewa shi ne alamomin da, in an gan su a ƙaramar hukuma, za a buɗe, da waɗanda in sun dawo za a sake rufewa, a kuma ba hedimasta iko a rubuce ya sallami aji ɗaya na mako biyu idan ciwo ya ɓulla a cikinsa, ba sai an rufe jiha ba. Rajistar kiran suna da ke hannun kowane malami, in ana duba ta da idon basira a kai rahoton yawan marasa zuwa ga asibitin sha-ka-tafi mafi kusa, za ta riga ɗakin gwaji ba da labari.

Wannan ba ya tafiya sai da amincewar iyaye, mutanenmu kuwa suna da dalilin ɗari-ɗari, tun daga gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara a Kano lokacin sanƙarau na 1996, har zuwa ƙauracewa allurar shan-inna a 2003. Abin da ya warware wancan ƙulli shi ne shigar sarakuna da hakimai da dagatai da limamai cikin aikin, har aka kai ranar 25 ga Agusta 2020, makarantu na rufe, aka tabbatar Afirka ta rabu da ƙwayar shan-inna ta asali. Hanyar nan tana nan, daga fada har zuwa ƙofar mai unguwa, kuma ita ce za ta bi gida-gida ta dawo da yarinyar da ba a gani ba a makon farko na komawa.

Hausawa na cewa ba a fafe gora ranar tafiya, annobar da za ta zo gaba kuwa ba lallai ta tausaya wa yara kamar korona ba. Sanƙarau na 1996 ya kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ya kashe fiye da 11,000. Amai da gudawa na 2021 ya kashe fiye da 3,000. Mashaƙon da ya ɓulla tun ƙarshen 2022, wanda Kano ta fi kowa ɗanɗana shi, yara ya fi kamawa. Kowace daga cikinsu tanadinta dabam: mai bin ruwa a gyara rijiya da masai, mai bin numfashi a rage cunkoso a buɗe taga a yi rigakafi, kuma a wadda ke kashe yara ma'aunin na iya rinjaya wajen rufewa, a rufe ɗin kuwa ba da jinkiri ba.

Roƙona ga kwamishinonin ilmi da shugabannin hukumomin ilmin bai-ɗaya da ke wannan zaure shi ne, kafin zangon karatu mai zuwa ya ƙare, a sa kowane hedimasta da kowane shugaban Islamiyya da tsangaya ya rubuta a takarda guda yawan yaransa, da awon ɗakunansa, da tagogin da ke buɗuwa, da inuwar da ke harabarsa, da inda yake samun ruwa, da sunan asibitin da ya fi kusa da shi. A ajiye kwafi a ofishin sakataren ilmi na ƙaramar hukuma, a riƙa sabunta shi kowace shekara.